Yadda Nake Kai Yarana Yini a Tafkin Kware

Duk shekara idan sanyi ya kankama, nakan ware Asabar guda in kwashi yarana mu tafi Tafkin Kware, arewa da birnin Sakkwato, mu yini. Abokan aiki da maƙwabta sun sha tambayata: akwai lilo a wurin? Akwai kujeru da masu sayar da lemo? Akwai kuɗin shiga? Ni dai ban taɓa zuwa don waɗannan ba. Abin da ke can ruwa ne shimfiɗe, da masunta, da masu lambu, da tsuntsaye, da gari mai tarihin da ya kamata kowane ɗan Sakkwato ya sani. Wanda ya tafi da tunanin zai tarar da wurin shaƙatawa irin na Abuja zai dawo yana ƙorafi. Tafkin nan gonar wasu ne, kasuwarsu ce, daga cikinsa ake ciyar da gidaje. Kai da ka zo kallo baƙo ne, kuma duk abin da zan faɗa a nan ya rataya ne a kan ka riƙe wannan.

Fara da zaɓen lokaci. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ne ya fi. Ruwan damina bai gama janyewa ba, lambuna sun yi kore shar, rana kuma ba ta da zafin da za ta gigita yaro. Kada ka kuskura ka ce za ka je a Afrilu ko Mayu. Mu da ke zaune a Sakkwato mun san yadda zafi ke haura digiri 40 a waɗannan watanni, kuma bakin ruwa ba ya rage komai, sai ma ƙyallin rana da ke dawo maka a ido. Da damina kuwa hanyoyin da ke gangarawa tafki sukan zama laka, ga sauro. Ko a cikin hunturun ma ka dubi sama tun da asuba. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layinku, ɗaga tafiyar zuwa wani mako, don ba abin da za ku gani sai fari, ku dawo da mura.

Daren Juma'a ake yin shiri. Abu na farko, ka kira wanda ka sani a Kware ko direban da ke bin hanyar Illela kullum, ka tambaye shi lafiyar hanya. Halin rashin tsaro da arewacin jihar nan ke ciki ba ɓoyayye ba ne, kuma mai tafiya da yara ba ya tafiya a kan zato. Idan aka ce maka a dakata, ka dakata. Sai kaya: tabarma biyu, jarkar ruwan sha babba, wata jarkar daban ta alwala da wanke hannu (zan faɗi dalili), buta, rigunan sanyi da huluna, man shafawa saboda kaushi, takalma masu rufe ƙafa, buhu guda wanda babu komai ciki, da bokiti mai murfi saboda kifi. Abinci kuwa wanda ba ya lalacewa da wuri: mu dambu muke yi da ƙuli-ƙuli, uwar gida ta dama fura a zuba a kula. Ka canza kuɗi ƙanana tun daga gari. Ka sayi goro ko dabino na gaisuwa. Wannan na ƙarshen mutane ke rainawa, shi ne kuma ya fi yi mini aiki.

Ina son mu fita da wuri don mu biya ta Ƙofar Kware kafin mu kama hanya. Ba wani dogon tsayi ba ne, minti goma ya isa. Nakan tsayar da yaran in ce su kawo mini sunayen ƙofofin birni: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kade, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Dundaye, da wadda muke tsaye a kanta. Sai in gaya musu cewa Muhammadu Bello ne ya kafa birnin nan a 1809, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya dawo cikinsa a 1815, kuma sunan ƙofar nan yana gaya maka inda hanyarta ta nufa. Ta wannan fuskar mutane suka riƙa fita a ƙasa da kan jakuna zuwa inda mu za mu je a mota cikin ƙasa da awa guda. Yaro idan ya ji haka a tsaye a wurin, ya fi riƙe shi fiye da a aji.

In ba ka da abin hawa, kabu-kabu ko keke napep zai kai ku Tashar Illela, ku shiga motar da ke bin Kware. Tafiyar kimanin kilomita 20 ce, a kan titin da ya wuce Gwadabawa ya kai Illela, bakin iyakar Nijar. Ka sa yara su zauna ta taga, domin da kun haye gada za su ga fadamar Rima ta buɗe hagu da dama, shinkafa da albasa da injinan ban ruwa suna ta ƙara.

Da kun isa, kada ka zarce bakin ruwa kai tsaye kamar wanda ya zo gonar ubansa. Nemi inda dattawa ke zaune, galibi kusa da inda ake ɗaure jirage, wasu na ɗinkin raga, wasu na jiran masu dawowa daga su. Yi sallama, ka rage tsawo, ka sa yaran su durƙusa su gaishe su. Zuwana na farko na tarar da wani dattijo Basarke, masunci, yana gyaran ragar birgi, allurar katako a hannunsa, zaren kuma ya maƙale shi a babban yatsan ƙafa. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Mun zo daga birni ne, ina son yaran nan su ga ruwa, in an ba mu izini." Bai ɗago ba sai da ya gama ƙullin da yake yi. Sannan ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ɗiyan ga duka naka na? Allah shi raya. Ku zamna can ƙarƙashin gawo, amma kak ka bari su taka raga, kak kuma su shiga ruwa." Na miƙa masa goro, ya sa albarka, ya kira wani saurayi ya ce ya nuna mana wuri. Tun daga ranar ban sake zama baƙon da ba a sani ba. Da ɗan gari akan ci gari. Idan ka ji an ambaci Sarkin Ruwa, shi ne shugaban masunta, kuma in zamanku zai yi tsawo ko kuna da yawa, kyautatawa ce a kai ka ka gaishe shi.

Gawon da ya nuna mana ya zama masaukinmu. Ka nemi irinsa, domin gawo itace ne mai abin mamaki: da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi lif, daidai lokacin da kake buƙatar inuwa. Sai dai ka share ƙaya kafin ka shimfiɗa tabarma. Kada ka shimfiɗa a kan hanyar da shanu ke bi zuwa shan ruwa, za ka gane ta da sawun kofato. Kada yaro ya ratsa ta cikin fangalin albasa don yanke hanya, ya bi kan kunya. Mai lambun nan wata uku yake tashi da asuba yana ban ruwa, taku ɗaya na yaro yana karya abin da ba za ka iya biya da "yi haƙuri" ba. Hoto kuma sai da izini, musamman mata masu wanki ko masu tallar kifi.

Yanzu maganar da ta sa nake ɗaukar jarka ta biyu. Dattijon nan ya ce kada su shiga ruwa, ni kuma na ɗauka tsoron nutsewa kawai yake yi. A zuwanmu na biyu, da rana ta take, babban ɗana ya ga yaran gari suna iyo a gefe inda ruwan bai wuce gwiwa ba, ya yi ta roƙona har na bar shi. Bai fi rabin awa a ciki ba. Da ya fito ya ce ƙafafunsa na ƙaiƙayi, muka shafa mai muka manta. Bayan kamar wata uku, wata safiya uwarsa ta kira ni bayan gida ta nuna mini jini a ƙarshen fitsarinsa. Ban taɓa jin faɗuwar gaba irin ta ranar ba. A asibiti aka gwada fitsarin aka ce tsargiya ce, aka auna nauyinsa aka ba shi maganin da ake kira praziquantel, Allah ya sa ya warke. Laifina ne, an gaya mini ban ji ba.

Ga yadda abin yake, don ka iya bayyana wa yaranka su yarda da kai. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwan da ba ya gudu. Tana fitowa ta yi ta yawo a ruwan, ta fi yawa da tsakar rana, kuma ba sai an sha ba, ta fata take shiga. A cikin jiki take girma ta yi ƙwai, ƙwan ya riƙa fita ta fitsari, shi ne jinin da ake gani. Wanda ke ɗauke da ita in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya koma jikin dodon koɗi, abu ya sake zagayowa. Saboda haka bakin gaɓa mai ciyawa, inda iyaye ke ganin ba hatsari don ba zurfi, nan ne ma ya fi. Har yanzu akwai masu cewa jinin alamar balaga ce ko zafin rana ne. Ba haka ba ne, kuma in aka bar ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Masunta da masu lambu ba su da zaɓi, sana'arsu a cikin ruwan take. Kai kana da shi. Alwala da ruwan jarka, wanke hannu da ruwan jarka. In yaro ya zame ya jiƙe, goge shi sosai da tawul nan take, ka kuma sa ido a kan fitsarinsa watannin da ke tafe.

Shiga jirgi shi ne abin da yara ke ɗoki tun daga gida, kuma ban hana ba, amma da sharuɗɗa. Dattawan da ka gaisar su za su zaɓa maka matuƙi, kada ka bi duk yaron da ya ce zo in kai ka. Ku gama ciniki a tudu, ku yanke inda za a kai ku da lokacin dawowa. Dubi cikin jirgin: ɗan ruwa a ƙasa da ƙwaryar kwarfewa ba abin tsoro ba ne, amma in ka ga yana tsattsafowa ta tsakanin katako, nemi wani. Jihar nan ta yi jana'izar mutane da yawa saboda kifewar jirgi, kuma kusan kullum lodi ne ya yi yawa. Ni ba na shiga da yara fiye da biyu a lokaci guda, sauran su jira tare da uwarsu a yi sawu biyu. Na sayi rigunan kariya na ruwa guda biyu a kan wannan kaɗai. Kowa ya zauna a tsakiya, a ƙasa, ba tashi tsaye, ba leƙawa gefe guda gaba ɗaya, ba jan hannu a ruwa. Da safe ake shiga, kafin iskar hunturu ta tashi.

Idan jirgi ya raba gaɓa, ce wa yaran su yi shiru na minti biyar. Da wuya, amma gwada. Za su ji filafili na shiga ruwa, su ji fito-fiton kirinjijiya tun kafin su ga garkenta ya tashi. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi, balbela na bin shanu a gaɓa. Wasu ƙananan tsuntsayen da ke tsattsaga laka da dogon baki baƙi ne, daga Turai suke tsallako hamada su yi hunturu a nan su koma. Autata ta kasa yarda da wannan, ta ce tsuntsun da bai kai tafin hannunta ba ina shi ina ƙetare Sahara. Shamuwa kam ba za ku gan ta ba, sai damina ta kusa. Nuna musu bado da farin furensa a kan ruwa, ka gaya musu kakanninsu sun ci 'ya'yansa da saiwarsa a shekarun yunwa. Nuna musu kainuwa da ke yawo ba saiwa a ƙasa, su ga inda aka samo "kainuwa dashen Allah".

Za ka kuma ga doguwar ciyawa ta yi duhu a wasu sassa, ta fi mutum tsawo. Kacala ke nan. Ka tambayi matuƙinku a kanta, za ka ji baƙin ciki a muryarsa. Tana cinye filin da ake jefa raga, tana toshe hanyar jirgi da magudanar ban ruwa, tana ba tsuntsayen jan-baki mafaka su kwana su wayi gari a gonar shinkafa. Ƙona ta ba ya kashe ta, saiwar na nan a laka. Abin da ke karya ta shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, aiki ne kuma na gayya, mutum ɗaya ba ya iyawa. Raina yana ɓaci duk shekarar da na ga ta ƙara matsowa.

Bayan an yi azahar an ci abinci, jiki ya mutu, lokacin nake ba su tarihi. Ɗana na biyu ya taɓa cewa, "Baba, nan ne aka yi yaƙin Tabkin Kwatto?" A'a. Kwatto yana can yamma wajen Gudu, inda jama'ar Shehu ƙarƙashin ƙanensa Malam Abdullahi suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a watan Yuni 1804. Tarihin Kware daban ne, ya fi kuma nauyi a baki. Malam Abdussalami almajirin Shehu ne, Ba'are, wanda ya zauna da jama'arsa a Gimbana. Harin da mayaƙan Gobir suka kai wa Gimbana, da kwance kamammun da aka yi lokacin da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, garin da Shehu ke zaune, suna cikin abin da ya kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Bayan an ci nasara, Abdussalami ya zauna a Kware, garin ya cika ya bunƙasa. Da Shehu ya rasu a 1817, saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Musulmi Bello. An yi ta musayar wasiƙu, abu bai gyaru ba, har aka kai ga yaƙi. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Ɗansa Buhari daga baya ya daidaita da Gwandu, shi ne ya kafa Jega.

Ina ba su wannan labari ba tare da na zagi kowa ba, kai ma ka yi haka. Dukansu malamai ne, dukansu sun sha wuya tare kafin su saɓa, kuma kana zaune ne a ƙasar mutanen da labarin ya shafa. In akwai dattijo kusa, ka bar shi ya faɗi yadda ya ji daga nasa kakannin, kai ka yi shiru ko da ya bambanta da abin da ka karanta.

Kifi kuwa a hannun masu fitowa daga ruwa ake saye. In ka ga jirgi ya doso gaɓa, bari masu sarin da suka saba da shi su fara, sannan ka matsa. Tarwaɗa ka saye ta da rai, tana daɗewa a bokiti da ɗan ruwa kaɗan. Gargaza ka duba idonta ya zama garau, ka danna jikinta da yatsa, in wurin ya lotsa bai dawo ba ta kwana. Ƙurungu yana da daɗin romo, amma kada yaro ya kama shi, ƙayoyinsa uku suna miƙewa su kafe, sukarsu kuma tana da raɗaɗi. Ka sa su saurari gurnanin da yake yi in an ɗaga shi, abin yana ba su dariya. Ƙananan kifin da ba su kai yatsa biyu ba, ni ba na saye ko an yi mini araha, domin su ne na baɗi. Yi tayi, amma kada ka matse mutumin da ya kwana cikin ruwan sanyi a kan abin da ba zai hana ka barci ba. A lambu ma haka: albasa da tumatir da rake, ka saya a hannun mai su, ya cire maka da kansa.

Buhun nan da ka zo da shi babu komai, yanzu aikinsa ya zo. Kowane yaro ya tsince ledar da muka zo da ita, ya ƙara da goma cikin waɗanda ya tarar. Leda na shiga raga, shanu da awaki na haɗiye ta su kumbura su mutu. Buhun ya koma birni tare da ku, kada a bar shi gindin gawo.

Da an yi la'asar ake naɗe tabarma. Ku koma wurin dattawa ku yi sallama, yara su sake durƙusawa, saurayin da ya yi muku jagora a ba shi na goro a hannu, a ɓoye, ba a gaban jama'a ba. Karɓi lambar wayarsa, shi za ka kira baɗi ka ji lafiyar hanya. Ka tabbata kun haye gada kun shigo gari kafin a kira magariba. In kun iso gida, a fara da tarwaɗar nan tun tana motsi: a zuba mata gishiri da toka ko ruwan zafi a murje santsin, yara kuma a duba ƙafafunsu ko ƙayar gawo ta shiga kafin su kwanta.